Tukunyar Unguwa: Yadda Muke Ciyarwa a Watan Azumi

Duk wanda ya zo mini da niyyar fara ciyarwar azumi a unguwarsu, abin da yake fara tambaya shi ne buhun shinkafa nawa zai saya. Ni kuma sai in ce masa ya ajiye maganar buhu tukuna, ya gaya mini su wa za su ci. Na daɗe a bakin murhun ciyarwar unguwarmu a nan cikin birnin Kano, tun ina mai tankaɗe da wanke-wanke har aka bar mini ragamar girkin. Abin da na lura da shi, mutanenmu ba su da rowa a Ramadan, suna bayarwa ko da su ma a matse suke. Inda aikin yake shi ne abincin ya isa hannun wanda ya fi buƙata, da zafinsa, kafin ladan ya kira magariba, kuma mutum ya karɓa ya tafi da mutuncinsa.

Masu buƙata kashi biyu ne. Akwai waɗanda za su zo da ƙafarsu da zarar sun ga hayaƙi: almajirai, 'yan ga-ruwa, masu gadi, 'yan ci-rani da ke kwana a shago, mai adaidaita sahun da magariba ta riske shi nesa da gida. Waɗannan ba sai an neme su ba. Kashi na biyu su ne suka fi ba ni tausayi, kuma su ne ake yawan tsallakewa. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, tana cikin gida ba ta saba fita ba. Malamin makarantar da albashinsa ke ƙarewa tun goma ga wata. Dattijon da ya yi ritaya yana jiran fansho. Magidancin da zai gwammace ya sha ruwa da ruwa zalla da a gan shi a layi gaban surukansa. Irinsu ne aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta siffanta, waɗanda wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, wannan kashi ya ƙaru sosai, har da gidajen da a da su ne masu aika wa maƙwabta kwano.

Ku fara da mai unguwa da liman, don ladabi da kuma samun goyon baya. Amma in kuna son sanin ainihin gidan da ba a ɗora tukunya ba, ku tambayi mai markaɗe. Shi ya san gidan da ya yi mako bai aiko da ko gwangwanin wake ba. Ku tambayi mai kantin bakin layi, littafin bashinsa ya fi kowane bincike. Ku tambayi unguwarzoma da mai kitso da malamar Islamiyyar matan aure, su ne ke shiga har ƙuryar ɗaki. Sunayen da kuka samu su tsaya a hannun mutum biyu masu riƙon amana. Ba a karanta su a taron kwamiti, ba a tura su a WhatsApp.

Su waɗannan gidaje, ɗanyen abinci ya fi musu dafaffe. A ɗaure musu gero da shinkafa da wake da ɗan mai da sukari, a kai bayan an idar da asham, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Mace ta dafa a tukunyarta, hayaƙi ya tashi a gidanta kamar na kowa, 'ya'yanta su ci ba su san daga inda ya fito ba. A haɗa da gawayi, don na sha ganin gidan da aka kai wa shinkafa ta kwana uku a ajiye saboda babu abin hura wuta. Mai kaiwa ya yi sallama, ya ce, "Inna, ga saƙo in ji 'yan'uwa, a sa mu a addu'a," ya juya. Kada ya zauna jiran godiya, kada ya tsaya kallon ɗaki.

Yanzu maganar kuɗi. Ku ƙirga abin da ke hannunku, ban da alkawari, ku raba shi gida talatin. Abin da ya fito shi ne ƙarfinku na kullum, ko da mutum arba'in ne. Kada zumuɗin daren farko ya sa ku dafa wa ɗari biyar, domin wanda ya ci yau zai dawo gobe da ƙaninsa, kuma babu abin da ya kai ciwo kamar mutum ya baro inda yake samu ya dogara da ku, ran goma sha biyu ga wata ya tarar da murhu a kashe. Watan yana da ɗabi'arsa. Goman farko kaya na shigowa, ma'aikata sun cika wuri. Goman tsakiya hannu yakan ja baya, a nan ne yawancin wuraren ciyarwa suke mutuwa. Goman ƙarshe masu bayarwa sukan dawo da ƙarfi saboda neman daren Lailatul Ƙadri, amma a lokacin ne ma'aikata ke watsewa, wannan ya shiga i'itikafi, wancan tahajjud ta hana shi tashi, mata sun koma ɗinkin yara da tuyar sallah. Saboda haka ku ɓoye wa goman tsakiya kaya, ku kuma ɗaure wa goman ƙarshe mutane tun daga farko, kowa ya faɗi ranakunsa a rubuta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In da hali, gero da wake a saye su tun da kaka, lokacin da suke da sauƙi. Mu Dawanau muke zuwa don hatsi, kasuwar Singa don shinkafa da mai da sukari, kayan miya kuma 'Yankaba da sassafe. Ku tura wanda ya iya ciniki da wanda ya iya rubutu, su tafi tare. Wake ku shinshina shi kafin ku biya. In kuka ji warin magani ku bar shi komai arharsa, domin akwai masu zuba masa maganin ƙwari irin su Sniper, wanda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kai. In ku za ku ajiye, ku nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure shi tam, ƙwaro ba ya rayuwa a ciki kuma ba a zuba komai ba. Kayan da wani ya kawo sadaka ma a duba. Akan samu mai kawo shinkafar da ta fara hunhuna ko man da ya yi ɗanɗano. A karɓa da godiya, a ja shi gefe a gaya masa gaskiya cikin ladabi, amma ba za ta shiga tukunya ba. Abin da ba zan zuba wa 'ya'yana ba, ba zan zuba wa ɗan wani ba.

A lissafina, kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ƙosar da manya shida zuwa bakwai, wato buhu mai kilo 50 ya kai mutum 300 da 'yan kai. In aka haɗa da wake aka yi garau-garau, ya fi auki kuma ya fi riƙe ciki. Shi ya sa na fi son sa a kan dafa-duka: mai da yaji, ɗan yankan albasa da tumatir, leburan da ya wuni yana ɗaukar bulo da azumi a bakinsa zai ci ya ji ya ci abinci. Ku auna da mazubi guda ɗaya tun ranar farko, ku ga kwano nawa tukunya ke fitarwa, daga nan kun san lissafinku.

Kunu kuwa ba a wasa da shi, shi ne abin da maƙogwaro ke nema kafin komai. A surfa gero a wanke a jiƙa tun dare, a kai markaɗe da hantsi tare da citta da kanumfari da masoro, a tace a bar gasara ta kwanta. Tsamiya a jiƙa ta daban. Mai dama kunun mutum ɗari ba ta yin wani aiki a wannan lokacin, domin da ta juya baya zai yi gudaji. Sukari a sa shi da sauƙi, kuma a ware bokiti guda marar sukari saboda dattawa masu ciwon suga, suna da yawa fiye da yadda ake zato. Ƙosai kowa na son sa, amma ku yi wa kanku adalci. Yana shan mai, yana cin itace, yana riƙe mata uku a bakin kasko tun azahar. In ba ku da hannu, ku yi shi ranar Juma'a kawai, sauran ranaku dabino uku-uku sun wadatar. Ƙullun wake kuma ba ya jure zafi, in aka markaɗa da wuri aka ajiye, kafin la'asar ya yi tsami.

Lokaci daga magariba ake lissafa shi a dawo baya. Ina son a sauke babbar tukunya daidai kiran la'asar, a gama zubawa a kuloli cikin awa guda, rabo ya ƙare saura minti ashirin a sha ruwa, yadda mai kai wa iyalinsa zai isa gida. Kada a gama girki tun azahar a bar shi a buɗe. Dafaffiyar shinkafa in ta huce ta wuce awa biyu a ajiye, ƙwayoyin cuta na yaɗuwa a cikinta ko da ba ta canja ƙamshi ba, balle a bazarar Kano. Abin da ya kwana ba a raba shi gobe. A ajiye buta da sabulu a bakin rumfa, duk mai taɓa abinci ya wanke hannu, mai gudawa ko mai ciwo a yatsa ya huta a gida sai ya warke. Ruwan da za a dama zoɓo ko a sirka kunu ya zama an tafasa shi ko an san tushensa. Kwalara a wurin taro take samun ƙofa, kuma kwano ɗaya na iya kwantar da layi guda.

Sai layi, inda nan ne nake so ku fi natsuwa. A azumin 2024 an rasa rayuka a turmutsutsun rabon zakka a Bauchi, yawancinsu mata. A watan Disamba na shekarar, yara 35 suka rasu a Ibadan a wani taron da aka yi alkawarin rabon abinci da kuɗi, kwanaki kaɗan bayan haka aka sake rasa mutane a Abuja da Okija ta jihar Anambra. Duk masu shirya waɗannan alheri suka nufa. Abin da ke jawo irin wannan sananne ne: a yi shela ga kowa da kowa, jama'a ta ninka kayan da aka tanada, a tara su a bayan ƙofa ɗaya a rufe, sannan a buɗe lokaci guda. Saboda haka kada ku yi shela a rediyo ko Facebook. Ku buga kati daidai adadin abin da kuke dafawa, a raba shi da safe ko tun jiya, mai kati ya san rabonsa na nan ko ya zo a ƙarshe, ba shi da dalilin ture kowa. Hanyar shiga daban, ta fita daban. Mata da wurinsu, kuma mata ne za su zuba musu.

Dabarar da ta fi yi mana amfani ita ce zaunar da mutane. A shimfiɗa tabarmi, a zauna sahu-sahu, ma'aikata su bi su da abinci. Wanda ke zaune ba ya turereniya. 'Yan agajin masallaci suna da horo a kan tsara jama'a, ku nemi taimakonsu, amma ku yi yarjejeniya tun farko cewa babu bulala, babu tsawa. Ƙananan almajirai a fara da su, kuma su ci a nan gabanku, don in suka fita da shi manyan cikinsu na iya karɓewa a lungu. Tsofaffi da masu lalura kusa da inuwa. Duk wanda ya zo da yunwa a ba shi, ba a tambayarsa ko yana azumi, ba a tambayar addininsa ko garinsu. Ku ƙarfafa wa mutane zuwa da kwanonsu mai murfi, ya fi ɗura kunu mai zafi a leda, kuma unguwa ba ta cika da shara.

Wata rana abinci zai ƙare da sauran mutane a zaune. Ku shirya wa wannan ranar. Mukan ajiye garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli da dabino da ruwan leda a gefe, ba a taɓa su sai irin wannan lokaci. Babban cikinku ne zai je da kansa ya ba da haƙuri, ya rubuta su a farkon katin gobe. Ba a turo yaro ya ɗaga murya ya ce ya ƙare.

Yadda ake miƙawa yana da nauyi kamar abin da ake miƙawa. Da hannun dama, dattijo kuma da hannu biyu a ɗan rusuna. A ce "Baba, bismillah," a ce "Iya, ga naki, a sha ruwa lafiya." Akwai wani dattijo mai tsabta, kullum da farar hula, da yake zuwa mana da langa a naɗe cikin ɗankwali, ya ce wa maƙwabcinsa marar lafiya zai karɓa. Duk mun san ɗakinsa, mun san babu wani maƙwabci. Ran nan wani yaro cikin masu rabo, sabon zuwa, ya buɗe baki zai yi magana, sai na riga shi. Na karɓi langar na cika, na ɗora ƙosai a kan murfin, na ce, "Baba, a gaishe da mai jikin, Allah Ya ƙara sauƙi." Ya ce, "Zai ji, 'yata, Allah Ya yi albarka." Ya naɗe abinsa ya sa a hammata ya tafi a natse. Daga baya na zaunar da yaron na gaya masa cewa wannan 'yar maganar ita ce suturar da ta rage wa bawan Allah, ba mu da hurumin yaye ta. Muka mayar da sunansa cikin gidajen da ake kai wa da dare.

Wannan ne ya sa ba na yarda da ɗaukar hoton fuskar mai karɓa. Na san masu ba da kuɗi, musamman na nesa, suna son ganin shaida, kuma haƙƙinsu ne. A ɗauki hoton buhuna da tukwane da rasit da hannayen masu aiki, a tura musu. Amma matar da ta rufe fuska da gefen hijabi tana karɓar kunu ba ta zo don a nuna ta a wayar duniya ba, kuma yunwa ce za ta hana ta cewa a'a in an tambaye ta. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, ni kuwa ban ga gorin da ya wuce a ajiye hoton mutum a ranar da ya rasa ba. Haka ɗan siyasar da zai kawo buhu goma da sharaɗin a manna hotonsa a jikin mazubi. Mukan ce masa buhunan muna so, Allah Ya saka, hoton kuma a bar shi a mota. Wasu sun yarda, wasu sun kwashe kayansu, ba mu kuma fasa girki ba.

In kuna son kai wa asibiti, ku fara neman izinin hukumar wurin. Masu jinya da ke kwana a baranda su ne suka fi buƙata, da yawansu daga ƙauye suka zo kuma kuɗinsu ya ƙare a magani. Majinyaci kuwa ba a ba shi komai sai an tambayi ma'aikatan jinya.

Game da ku masu aikin. Kowa yana son riƙe ludayi, don a nan ake ganin mutum, a nan ake sa masa albarka. Kankare ƙanzon tukunya bayan isha'i, jan ruwa, kwashe toka, faskare da rana tsaka da azumi a baki, ba su da masu rububi. Ku riƙa juyawa, wanda ya yi rabo yau gobe shi ne a wanke-wanke, har da shugaban kwamiti. Ni a bayan rumfa nake gane wanda ya zo don Allah. Ku kuma sani ba kowa zai gode ba. Wani zai ce gishiri ya yi yawa, wata ta ce an fi cika wa maƙwabciyarta, wani ya zage ku a kan ƙosai guda. Mai yunwa da ƙishirwa a ƙarshen wuni ba ya cikin hayyacinsa, ku ma haka, don haka a haɗiye. Ayoyi na 8 da 9 na Suratul Insan sun yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme alhali su ma suna son abincin, suna cewa ba sa neman sakamako ko godiya. Nakan karanta wa yaranmu su a daren farko, in sake karantawa a tsakiyar wata lokacin da rai ya fara ɓaci.

Akwai maganar da ake jin nauyin yi, gara a yi ta a fili. Da yawa cikin matan da ke wuni a bakin wuta su ma mabuƙata ne, sun baro yara a gida. In ba a ware musu rabo ba, za a fara ɓoye kwano a ƙarƙashin zani, zargi ya shigo, zumunci ya lalace. Ku yanka musu kasonsu a bainar jama'a, daidai da na kowa, wadda kuma sana'arta ta tsaya saboda aikin a biya ta ladan wuninta. Ma'aikata su sha ruwa da dabino su yi sallah a kan lokaci, su ci daga tukunyar da aka zuba wa jama'a, bayan kowa ya samu. Ba a yi wa kwamiti girki na daban. Kuma kada matar aure ta bar gidanta babu abin buɗa-baki, ko saurayi ya bar mahaifiyarsa da aike, don zuwa ciyar da wasu. A tsara ranaku yadda kowa zai sauke na gida.

Duk abin da ya shigo da wanda ya fita a rubuta a littafi guda, mai riƙe kuɗi daban, mai sayayya daban. Bayan sallah da kwana biyu a karanta lissafin a masallaci, a wanke tukwanen aro a mayar wa masu su tare da godiya, wanda aka fasa wa kula a biya shi. Sauran hatsi a raba wa gidajen nan na dare. Takardar sunayensu kuma kada a yaga ta, domin watannin damina kafin sabon hatsi ya shigo sun fi Ramadan tsanani a gidaje da yawa, kuma a lokacin babu mai tunawa da ciyarwa. Mu mukan ci gaba da ɗora tukunya ɗaya duk Juma'a da ɗan abin da 'yan kwamiti ke tarawa, a zuba a kuloli a bi gidajen da shi bayan an sauko daga masallaci.